Kalmar "Kuturu" da Makomar Wanda Ya Warke: Tarihin Suna Guda a Ƙasar Gure da Damagaram

1. Gabatarwa

Kuturta tana cikin cututtukan da aka sami maganinsu a ƙarni na 20. Mutumin da ya sha maganin har ya ƙare wa'adinsa ya rabu da ƙwayar cutar, kuma ba ya iya sa wa kowa. Amma a bakin jama'a sunansa bai sake ba. Wanda aka kira kuturu yana da shekara 20, da wannan suna za a kai shi kushewa yana da shekara 70, ko da kuwa ya warke tun shekara 45 da suka wuce. Ƴaƴansa kuma su gaji sunan, a riƙa ce musu ƴaƴan kutare, alhali cutar ba ta taɓa taɓa su ba.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda haka ta kasance. Za a duba ginin kalmar a Hausa, da matsayin mai cutar kafin zuwan Turawa, da abin da zamanin keɓewa ya ƙara a kai, da kuma yadda magani ya zo ya tarar harshe ba shi da wurin ajiye wanda ya warke. An ɗauki ƙasar Gure da birnin Damagaram a matsayin fagen nazari. Daga ƙarshe za a kawo abin da ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, tun da yake su ne ke zaɓen kalmomin da za su shiga hannun ɗalibi.

2. Gure da harsunanta

Garin Gure yana gabas da Damagaram da tazarar kilomita 160 da ɗoriya, a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa. Shi ne tsohon babban birnin ƙasar Muniyo, wadda sarkinta ke riƙe da sarautar Muniyoma a ƙarƙashin Barno. Matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka a garin cikin watan Disamba na 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Arzikin ƙasar tun da can ya dogara ne ga noma da kiwo da fataucin kanwa da manda, waɗanda ake kaiwa har Kano da gaba da ita.

Mutanen asali na Muniyo Mangawa ne, watau wani reshe na Barebari. Akwai kuma Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye. A kasuwanni irin na Gure da Gidigir, idan Bamange da Batube ko Bafillace suka haɗu, sau da yawa Hausa ce ke raba musu gardama. Ita ce kuma harshen da ma'aikacin lafiya da aka turo daga Yamai ko Maraɗi ya fi saurin kamawa don ya yi magana da marar lafiya. Saboda haka kalmar da Hausa ta zaɓa wa wata cuta ba ta tsaya a gidajen Hausawa kaɗai ba. Tana shiga kunnen wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, da duk nauyin da take ɗauke da shi. Wannan ne ya sa Gure ta dace da irin wannan nazari.

3. Ginin kalmar

Idan aka jera sunayen cututtuka masu yaɗuwa a Hausa, za a ga galibinsu suna da suna guda ne kawai, watau sunan cutar. Ana cewa agana, ƙyanda, sanƙarau, tarin fuka. Wanda ya kamu da ɗayansu akan ce "mai agana" ko "sanƙarau ya kama shi". Kalmar "mai" a nan tana nuna riƙo ne na wani lokaci. Ranar da cutar ta tafi, sunan ya tafi tare da ita, sai a ce "ya yi agana ya tashi".

Kuturta ba ta bi wannan tsari ba. Ga yadda take, tare da ƴan ajinta:

kuturu, kuturwa, kutare, kuturta, kuturce
makaho, makauniya, makafi, makanta, makance
gurgu, gurguwa, guragu, gurguntaka, gurgunce
kurma, kurame, kurumta, kurumce

Akwai abubuwa uku da za a lura da su. Na farko, sunan mutum shi ne tushe, daga gare shi aka ciro sunan halin da yake ciki. Daga kuturu aka sami kuturta, kamar yadda daga bawa aka sami bauta. Na biyu, aikatau ɗin da ke nuna shiga wannan hali yana cikin aji na huɗu bisa tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, kuma aikatau na wannan aji galibi suna nuna abu ya auku gaba ɗaya, babu saura. Wanda ya makance ba a sa ran ya sake gani. Na uku, duk ƴan ajin nakasa ce ta dindindin da ido ke gani. Ke nan Hausa ta ajiye kuturta a rukunin nakasa, ba ta sa ta cikin rukunin cututtukan da ke zuwa su wuce ba.

Kwatanta ta da agana zai ƙara fito da batun. Agana ma tana barin shaida a jiki har mutuwa. Amma Hausa ta ba wa wannan shaida suna dabam, watau zanzana. Mai zanzana ba a gudunsa, domin kowa ya san cutar ta riga ta wuce, har ma an san ba ta sake kama shi. Da aka kawar da agana daga duniya, abin da aka tabbatar a 1980, masu zanzana sun ci gaba da zama cikin mutane, suna aure suna ciniki. A kuturta kuwa kalma guda ce ta haɗa ƙwayar cutar da tabonta da mutumin. Babu inda za a sa wuƙa a raba.

Wannan rashin rabewa yana da dalili a aikin cutar kanta. Ƙwayar tana shiga jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi da zafi zuwa hannu da ƙafa da fuska, ta kashe su. Mutum sai ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, ko ya taka ƙaya ya wuni da ita. Miki ya buɗe, ya ruɓe, ƙashi ya zaizaye, yatsu su gajarce a hankali. Duk wannan yakan zo ne bayan shekaru, tun da cutar kan yi kamar shekara 5 a ɓoye, wani lokaci har 20, kafin alamarta ta farko ta fito. Mutanen da ba su san ƙwayar cuta ba, abin da suka gani shi suka raɗa wa suna, watau hannu da ƙafar da suka riga suka lalace.

4. Matsayin kuturu kafin zuwan Turawa

Ƙyamar mai kuturta ta girmi mulkin mallaka, kuma tana da tushe fiye da ɗaya. A camfin jama'a ana danganta cutar da rantsuwa da Alƙur'ani a kan ƙarya, ana danganta ta da tsaka, da haɗa wasu irin abinci kamar kifi da nono, da kuma gado. Biyu daga cikin waɗannan sun fi cutar da wanda ya warke. Zancen rantsuwa ya mai da cutar hukunci, mai ita kuma mai laifi. Zancen gado ya fitar da ita daga jikin mutum guda ya shimfiɗa ta a kan zuriya. Shi ya sa a binciken da akan yi kafin aure, kuturta tana cikin abubuwan da akan tambaya ko akwai su a dangi, tare da hauka.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne malaman Barno da na ƙasar Hausa ke karantarwa, ya ambaci cutar da sunaye biyu na Larabci, juzam da baras. Daga na biyun Hausa ta ari kalmar albaras. Dukansu suna cikin aibobin da ke ba wa miji ko mata zaɓin raba aure. Sai dai akwai wani hukunci a Muhtasar na Halil da ya cancanci a tsaya a kansa. Idan ana fatan mai cutar zai warke, akan jinkirta hukunci har shekara guda don a nemi magani. Watau littafin shari'a ya buɗe ƙofar warkewa, ƙofar da maganar yau da kullum ba ta buɗe ba. Hadisai ma sun zo ta fuska biyu. Akwai wanda ya yi umurni da nisantar mai cutar, akwai kuma ruwayar da ta nuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ci abinci tare da mai ita.

Duk da ƙyamar, al'ummar Hausa ba ta kori kuturu daga gari ba. Ta ba shi gurbi ne a cikin tsarin sarauta da sana'a. A manyan birane akwai sarkin kutare kamar yadda ake da sarkin makafi, wanda ke shiga tsakanin jama'arsa da fada, ya sasanta rigima, ya tsara rabon sadaka. Bara ta zama sana'ar da aka yarda musu da ita. A bori ma akwai iska mai suna Kuturu, wadda A. J. N. Tremearne ya kawo bayaninta a littafinsa na 1914. John Iliffe, a littafinsa na 1987 kan tarihin talauci a Afirka, ya ware babi guda ga wannan cuta, ya nuna yadda al'ummu suka bambanta ƙwarai wajen mu'amala da masu ita, daga masu kora zuwa daji har zuwa masu zama da su cikin gida.

Karin magana ya adana fuskokin nan biyu. Idan aka ce wani yana da "zuciya irin ta kuturu", an ɗora wa dukan masu cutar halin saurin fushi. Idan kuma aka ce "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa", an yarda cewa yana shiga kasuwa yana ciniki, kuma dukiya tana iya sayen abin da ƙyama ta hana. Abin lura shi ne, gurbin da aka ba shi gurbi ne na har abada. Akwai hanyar shiga jama'ar sarkin kutare, amma al'ada ba ta tanadi hanyar fita ba, domin a wancan zamani da wuya a ga wanda ya fita.

5. Zamanin keɓewa

A 1873 likitan nan ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya gano ƙwayar da ke haddasa kuturta a birnin Bergen. Wannan ya rushe zancen gado a wajen likitoci, amma ya haifar da wani tsoro sabo, na ɗauka. Taron duniya na farko kan cutar, wanda aka yi a Berlin a 1897, ya goyi bayan keɓe masu ita. Shekara biyu bayan haka, a 1899, Faransawa suka ci Damagaram. Birnin ya zama mazaunin mulkin ƙasar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Ke nan Turawan da suka zo sun zo ne da ra'ayin keɓewa a hannunsu.

A kudancin iyaka, cikin shekarun 1930, aka kafa manyan sansanonin kutare na larduna a Nijeriya ta Arewa, kuma mishan na SIM ta karɓi gudanar da wasu daga cikinsu: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Shobana Shankar ta yi nazarin waɗannan wurare a littafinta na 2014. A ɓangaren Faransa, an buɗe babbar cibiyar kuturta ta Afirka ta Yamma a Bamako a 1935, wadda daga baya aka sa wa sunan Marchoux. A Nijar, SIM ta buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 1956. Maganin da ake da shi kafin shekarun 1940 man wata itaciya ne daga Asiya, mai suna calmugra, wanda ake yi wa mutum allurarsa shekara da shekaru, da zafi mai yawa da amfani kaɗan.

Ga mutumin ƙasar Muniyo, duk waɗannan wurare suna da nisa. Neman magani yana nufin barin gona da iyali na tsawon lokaci, a bi hanyoyin da fatake da ƴan cin rani suka saba bi, zuwa Damagaram ko Maraɗi, ko zuwa Nguru inda jirgin ƙasa ya iso a 1930, daga nan a wuce Kano. Wanda ya yi shekaru a sansani yakan yi aure a can, ya haihu a can. Eric Silla ya nuna a littafinsa na 1998 yadda unguwar Jikoroni ta Bamako ta cika da waɗanda suka zo jiyya ba su koma gida ba, da yadda sunan cutar ya zame musu kamar sunan ƙabila. A yaren Bambara ma sunanta banaba, watau babbar cuta.

A Damagaram, unguwar Kara-Kara ita ce ta ɗauki wannan matsayi. An san ta a matsayin mazaunin kutare da sauran waɗanda gari ya ture gefe. Abin da keɓewa ta ƙara wa kalmar ke nan: a da suna ne na mutum da zuriyarsa, yanzu ya sami adireshi. Ya isa mutum ya faɗi unguwarsu, mai sauraro ya ƙarasa sauran da kansa.

6. Zuwan magani da matsalar faɗin warkewa

A 1941 aka fara gwada magungunan salfon a Carville ta ƙasar Amurka. A ƙarshen shekarun 1940 John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, cewa ana iya ba da dafson a matsayin ƙwayar haɗiya mai araha. Wannan ya sa sansani ya rage amfani, tun da ana iya kai magani har ƙauye. A ƙasashen renon Faransa aikin ya faɗa hannun hukumar likitoci masu yawo da aka kafa wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu, mai cibiya a Bobo-Julaso. Bayan 1960 ƙasashen suka ci gaba da shi a ƙarƙashin ƙungiyar haɗin gwiwa ta OCCGE. Tsarinsu shi ne a tara mutanen gari, a duba jikin kowa, a rubuta sunan wanda aka samu da tabo, a ba shi kati, sa'an nan ma'aikaci ya riƙa zagayowa da magani.

Wannan tsari ya ceci hannaye da ƙafafu masu yawa. Amma ta fuskar suna ya zo da illoli biyu. Na farko, bincike a bainar jama'a ya tona asirin wanda tabonsa ke ɓoye ƙarƙashin riga, ya zama kuturu a idon gari tun yatsunsa na cike. Na biyu, dafson shi kaɗai ana shan sa shekaru masu yawa, masu nau'in cutar mai tsanani kuwa har iyakar rai. Mutumin da ake gani kullum a layin karɓar ƙwaya, ba wanda zai yarda ya warke.

Faransancin likitocin ma bai taimaka ba. Ba su cika cewa guéri ba, watau wanda ya warke. Kalmar da suka fi amfani da ita ita ce blanchi, wadda ma'anarta ta asali wanda aka faranta ko aka wanke, kuma sukan haɗa ta da sunan cutar su ce lépreux blanchi. Ma'ana kuturu ne har yanzu, illa dai cutarsa ta kwanta. Tafintan da zai juya wannan zuwa Hausa ba shi da abin faɗi sai "ta lafa" ko "ya sami sauƙi". Duka biyun a kunnen Bahaushe suna nufin tana nan, tana iya tashi. Tun a taron Habana na 1948 likitoci suka ba da shawarar a daina kiran mutum da sunan cutar, Raoul Follereau kuma ya kafa ranar kutare ta duniya a 1954 don yaƙi da wariya, amma kalmar aiki a takardun ofis ta daɗe ba ta sake ba.

Canji na gaske ya zo a 1981, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna: rifamfisin da dafson da kulofazimin. A karon farko jiyya ta sami ranar ƙarewa. A yau wata 6 ne ga mai ƙwayoyi kaɗan, wata 12 ga mai ƙwayoyi da yawa, kuma tun 1995 kyauta ake ba da maganin a duk duniya. Da zarar an fara sha, cikin ɗan lokaci kaɗan mutum ya daina yaɗa cutar. An kuma san cewa kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu ba ya karɓar ta ko sun haɗu da ƙwayar.

A 1988 kwamitin masana na hukumar ya sake fassara kalmar "mai cutar" da cewa shi ne wanda ke bukatar magani. Wanda ya gama, ko da yatsunsa sun tafi, an cire shi daga rajista. Adadin masu rajista a duniya ya sauko daga fiye da miliyan 5 a 1985 zuwa ƙasa da miliyan 1 a 2000. Babban taron hukumar na 1991 ya sa burin a sauko ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, Nijar kuma ta cim ma wannan a matakin ƙasa a farkon shekarun 2000. Ta haka littafin likita ya yi abin da Hausa ta yi wa agana tun da daɗewa, ya raba cuta da tabonta. Bakin jama'a bai bi shi ba.

7. Abin da ya saura

Akwai dalilan da ke ƙarfafa shakkar jama'a, kuma wajibi ne mai rubuta darasi ya san su. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya rayar da jijiyar da ta mutu. Wanda ya warke yana iya ƙonewa ko ya sami sabon miki a tafin ƙafa bayan shekara 10, maƙwabci kuma ya ce ga ta nan ta dawo. Wasu kan sami kumburi da zafin jijiya ko bayan gama magani, saboda faɗan da jiki ke yi da matattun ƙwayoyi. Kulofazimin kuma yana duhunta fata na wani lokaci. Duk waɗannan ido yana ganinsu, mutuwar ƙwayar kuwa ba a ganinta.

Sakamakon yana bayyana a aure, da cin abinci a kwano guda, da sayar da abin ci a kasuwa, da sahun salla. Yana kuma bin ƴaƴa da jikoki. Fim ɗin Zinder na Aisha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna samarin Kara-Kara da suka tashi cikin rashin makaranta da rashin aiki, wasu har suka shiga ƙungiyoyin da ake kira fale. Yawancinsu lafiyayyu ne ƙarfafa. Abin da suka gada shi ne sunan unguwa. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya lura da wannan a ƙudurinsa na 2010, inda ya ambaci masu cutar da iyalansu tare.

Illar ba ta tsaya ga wanda ya warke ba. Har yanzu ana samun sababbin kamu kusan 200,000 a duniya kowace shekara, a Nijar kuma ɗaruruwa. Wanda ya ga tabo a jikinsa, ya kuma san cewa sunan da za a ba shi ba ya goguwa, ɓoyewa zai yi. Budurwa ta ɓoye don kada aurenta ya fasa, magidanci ya ɓoye don ƴaƴansa. Jinkirin nan shi ke ba cutar lokacin cin jijiya. Sai nakasar ta fito, ta gaskata sunan da ake gudu. A ƙasa mai faɗi kamar ta Gure, inda makiyayi ke iya yin kwanaki kafin ya kai gidan likita, tsoron suna yana ƙaruwa ne a kan nisan hanya.

8. Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci

Nijar ta fara aikin yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa a farkon shekarun 1960, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa kuma a Damagaram aka buɗe ta a 1973. Kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Saboda haka kalmomin lafiya da za a daidaita yanzu za su yi nisa fiye da na da. Ga abubuwa huɗu da tarihin da ya gabata ke nunawa.

Na ɗaya, a raba abubuwa uku da kalmar ta haɗe. A kira cutar kuturta. A kira wanda ke shan magani "mai jiyyar kuturta", bisa tsarin "mai" da sauran cututtuka ke bi. A kira wanda ya gama "wanda ya warke daga kuturta". Nakasar kuma a ba ta suna nata, kamar "tabon kuturta" ko "illar kuturta", don ta tsaya a matsayin da zanzana ta tsaya ga agana.

Na biyu, a yi amfani da aikatau "warke" kai tsaye, a guji "lafa" da "sami sauƙi", waɗanda gadon blanchi ne. A kuma faɗi wa'adin da lamba, wata 6 ko wata 12, domin abin da ke da ranar ƙarewa ya fita daga ajin makanta.

Na uku, a yi hattara da sauya sunan cutar baki ɗaya. Ƙasar Barazil ta bi wannan hanya, ta maye tsohon sunan da wanda aka ciro daga sunan Hansen, ta tabbatar da shi da doka a 1995. A Hausa ma an ga makamancin haka, inda kafofin watsa labarai da yawa suka fifita "cuta mai karya garkuwar jiki" a kan ƙanjamau, kalmar da ita ma kamannin marar lafiya take siffantawa. Amma "cutar Hansan" ba za ta ce kome ba ga Bamange ko Batube da ya koyi Hausa a kasuwa, kuma saƙon da ba a gane shi ba ba zai kawo kowa gidan likita ba. Duk kalmar da aka ƙirƙira a ofis, a gwada ta tukuna a wuri mai harsuna da yawa irin Gure, a ji yadda masu sauraro za su mayar da ita cikin nasu harshe. A tambayi waɗanda suka warke su ma, domin su za a kira da ita.

Na huɗu, kada a yar da karin magana, a zaɓa. "Da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi" yana ɗauke da ilmi sahihi, cewa cutar tana farawa da ɗan tabo mai haske wanda ya yi kama da ƙyasfi. Abin da ya rage a ƙara shi ne yadda ake bambanta su: tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, kuma idan aka shafa masa auduga mutum ba ya ji. Darasi guda da aka gina a kan wannan karin magana zai iya koyar da karatu, ya kuma kai mutum ga magani tun yatsunsa ba su taɓu ba.

9. Kammalawa

An ga cewa kalmar kuturu ta samo asali ne a zamanin da ba a ganin cutar sai ta gama ɓarna, kuma ba a ganin mai fita daga cikinta. Al'ada ta ba mai ita gurbi na dindindin, keɓewa ta ƙara masa unguwa, dafson da kalmar blanchi suka tsawaita shakka. Daga 1981 zuwa yau hujjar wannan duka ta faɗi, amma ginin kalmar yana nan yadda yake. Gyara harshe shi kaɗai ba zai ba da gona ko makaranta ga mutanen Kara-Kara ba. Sai dai muddin babu jimlar da za a faɗa a kasuwar Gure, kowa ya gane cewa wane ya yi kuturta ya warke, aikin likita bai kai ƙarshensa ba. Samar da wannan jimla, da shigar da ita cikin littafi da rediyo, aiki ne na masana harshe da masu tsara karatun manya.